Sharhi a Kan Purdue OWL: Yadda Yake Koyar da Gyaran Siffatau da Ya Ɓace wa Gurbinsa a Jimlar Turanci

A cikin wasiƙun neman aiki da nake sa ɗalibaina na ajin ƙarshe na sakandare su rubuta domin gwaji, akwai wata jimla da ba a yin shekara ba ta zo gabana ba, ko da yake kalmominta sukan ɗan sauya: "As a hardworking young man, your company will benefit from my service." Duk wanda ya karanta ta zai gane nufin yaron, wato shi ne saurayin mai ƙwazo, amma abin da jimlar ta faɗa a zahiri shi ne kamfanin ne saurayin, domin a Turanci yankin bayanin da ya buɗe jimla yakan manne wa sunan farko da ya biyo bayan waƙafi. Babu harafin da aka rubuta ba daidai ba, babu aikatau da ya saɓa wa lokacinsa, amma ma'ana ta karkace. Wannan irin kuskure ya fi kowane wuyar koyarwa a wurina, saboda ɗalibin da ya yi shi ba ya ganinsa ko da ya maimaita karatun jimlar sau goma, tunda abin da ke cikin zuciyarsa yake karantawa, ba abin da ke kan takarda ba. Neman hanyar magance shi ne ya kai ni ga Purdue OWL, kuma yanzu zango uku ke nan ina aiki da shi a aji da kuma wajen duba rubutun 'yan uwa da ke jami'a, don haka na ga ya dace in faɗi abin da na samu a cikinsa.

Purdue OWL hidima ce ta koyar da rubutu da Jami'ar Purdue ta Amurka take bayarwa ta intanet. Jami'ar tana garin West Lafayette a jihar Indiana, an kuma kafa ta a shekarar 1869. Ɗakin koyar da rubutu na jami'ar ya fara aiki a 1976 a hannun Farfesa Muriel Harris, sannan a 1994 aka ɗora darussansa a intanet domin su isa ga wanda ba zai iya zuwa ɗakin da ƙafarsa ba. Haruffan nan uku na OWL taƙaitawa ce ta Online Writing Lab, sai dai idan aka haɗa su suna ba da kalmar da ke nufin mujiya a Turanci, tsuntsuwar da Turawa suke ɗauka alamar hikima. Na kan bayyana wa ɗalibai wannan tun a ranar farko, domin mu a wurinmu mujiya ba tsuntsuwar da ake murnar gani ba ce, kuma gara su san dalilin sunan su wuce wurin. Mafi yawan ɗaliban jami'o'inmu da suka san shafin sun san shi ne ta dalilin tsarin kawo madogara na APA da MLA, suna shiga su duba yadda ake jera sunan marubuci da shekara su fita, ba tare da sanin cewa akwai sashe mai faɗi na nahawu da ginin jimla a gefen abin da suka zo nema ba.

Ta fuskar kuɗi da sauƙin shiga ba ni da abin cewa sai yabo. Kyauta ne, ba a neman rajista, ba a neman lambar waya ko adireshin imel kafin a karanta darasi, kuma da yake mafi yawansa rubutu ne zalla yana buɗewa a ƙaramar waya ba tare da ya cinye data ba. Darasin da ya fi shafar batunmu yana cikin sashen rubutu na gaba ɗaya, kuma hanya mafi sauri ta isa gare shi ita ce a rubuta "Purdue OWL dangling modifiers" a injin bincike, maimakon a tsaya bin rassan shafin ɗaya bayan ɗaya.

Kafin in shiga cikin darasin ya kamata in daidaita kalmomin da zan yi aiki da su. Duk wanda ya karanta nahawun Hausa a makaranta ya san cewa yankin suna yana da kai, yana kuma da siffatan goshi da ke zuwa kafinsa da siffatan ƙeya da ke biyo bayansa, kamar yadda "farin" da "mai gudu" suke kewaye "doki" a cikin "farin doki mai gudu". Abin da Turawa ke kira modifier ya fi wannan faɗi kaɗan, domin ya haɗa da bayanau da duk wani yanki ko ganga (wato sashen jimla mai nasa aikatau da mai aikin) da ke ƙara haske a kan wata kalma, amma zan kira shi siffatau a nan saboda aikin iri ɗaya ne. Matsalarsa gida biyu ce. Wani lokaci kalmar da yake siffantawa tana cikin jimlar, sai dai an ajiye shi nesa da ita har ya manne wa wata, wannan shi ne siffatau da ya ɓace wa gurbinsa. Wani lokaci kuwa kalmar ba ta cikin jimlar gaba ɗaya, sai ya tsaya yana reto babu abin da ya riƙe shi, shi ne wanda suke kira dangling modifier, ni kuma nake ce masa siffatau mai reto a aji. Jimlar wasiƙar da na buɗe da ita ta gida na biyu ce, domin "I" da ya kamata ya ɗauki siffar ƙwazon bai bayyana a matsayin aikau, wato mai aikin jimlar, ba.

A kan wannan gida na biyu ne shafin ya fi nuna ƙwarewarsa. Darasin gajere ne, mutum zai karance shi cikin 'yan mintuna, ya fara da ma'ana a taƙaice, ya kawo jimla mai kyau a kan wata yarinya da ta gama aikin makaranta ta kunna talabijin, sannan ya sake kawo ta a gurguje ta yadda sai ka ce talabijin ɗin ce ta gama aikin. Abin da ya sa na fifita shi a kan littattafai da dama da na taɓa koyarwa da su shi ne bai tsaya ga nuna kuskure ba, ya ba da hanyoyin gyara guda uku waɗanda ɗalibi zai iya riƙewa a ka. Bari in nuna su da misalina. A ɗauki jimlar "Walking to the market, the rain started", wadda ta mai da ruwan sama mai tafiya kasuwa. Hanya ta farko ita ce a kawo mai aikin a sa shi aikau na babbar ganga: "Walking to the market, Hadiza was caught in the rain." Ta biyu ita ce a mai da yankin da ke reto cikakkiyar ganga mai nata aikau: "While Hadiza was walking to the market, the rain started." Ta uku ita ce a narkar da sassan biyu su zama jimla guda: "The rain caught Hadiza on her way to the market." Dukansu daidai ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba, domin ta farko ta ɗora hankali a kan Hadiza, ta biyu a kan ruwan, ta uku kuma ta fi gajarta, kuma ɗalibin da ya fahimci cewa yana da zaɓi ya riga ya fara zama marubuci, ya wuce mai gudun jan biro kawai.

A nan ne na gano abin da ya fi komai amfani a gare ni, kuma ba shafin ne ya faɗa mini ba, ko da yake shi ya sa ni a hanyar. Hanya ta biyu da ya bayar ita ce ainihin yadda Hausa take gina irin wannan jimla. Bahaushe ba ya iya buɗe ganga da "da" ko "yayin da" ba tare da ya kawo zagin aikatau ba, wato ƙananan kalmomin nan irin su na, ya, ta, muka, suka da aka, waɗanda suke faɗa maka nan take wanda ya yi aikin. Dole ka ce "da na isa", ko "da ta isa", ko "da aka isa", babu yadda za ka bar gurbin fanko. Turanci kuwa yana da yankin da ke farawa da aikatau mai ɗafa-ƙeyar "ing" ko "ed" wanda ba ya ɗauke da aikau ko kaɗan, sai dai ya ara daga babbar ganga, kuma idan ya tarar da wanda bai dace ba a can, shi zai ara. Saboda haka na mai da wannan ya zama gwaji a aji: duk jimlar da ta buɗe da irin wannan yanki, ɗalibi ya juya ta zuwa Hausa da "da", ya ga wane zagi zai sa, sannan ya duba ko mai wannan zagin shi ne ya biyo bayan waƙafi a Turancin. Idan ya ce "da ta kama hanyar kasuwa" alhali abin da ke bayan waƙafi shi ne "the rain", to ya kama kuskuren da hannunsa. Sai dai akwai tarko guda da ya kamata malami ya kiyaye, wato kada a yi gwajin da "bayan", domin Hausa ta yarda a ce "bayan kammala bincike, sai sakamako ya nuna" ba tare da an ambaci wanda ya kammala ba, kuma babu mai jin wani abu ya ɓaci. A ganina ma daga wannan ginin ne yawancin kurakuran ɗalibanmu suke tasowa, suna ɗaukar abin da ya halatta a Hausa su zuba shi a Turanci.

Na ga wannan ƙarara a kundin digirin farko na 'yar ƙanwata, wanda ta kawo mini in duba kafin ta miƙa wa malaminta. A babi na huɗu ta rubuta: "After analysing the data, the results showed a decline in attendance." Da na ja layi a ƙarƙashinta sai ta ce, "Kawu, ai na bi da shi ta manhajar gyaran rubutu, ba ta nuna komai a nan ba." Gaskiya ta faɗa, domin manhajar da take amfani da ita a kwamfutarta ta gyara mata haruffa da waƙafi da yawa, amma ta bar wannan jimla da wasu 'yan uwanta yadda suke, kuma ban yi mamaki ba, tunda gane wannan kuskure yana bukatar sanin cewa sakamako ba ya zama ya yi nazari. Na ce mata ta faɗi jimlar da Hausa ta fara da "da". Ta ce "da na gama nazarin bayanan", sai ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai ni ba na cikin jimlar." Daga nan ba ta sake bukatar in nuna mata sauran ba, ita ta bi babin tana tsinto su.

Rubutun kundi shi ne matattarar wannan matsala, kuma dalilin a fili yake. An saba horar da ɗalibi kada ya ce "I" a rubutun bincike, sai ya koma ga jimlar da ke ɓoye mai aiki, irin su "data were collected" da "it was observed", sannan ya ɗora mata yankin buɗewa wanda ke neman mai aikin da aka riga aka ɓoye. Tsarin APA, wanda bugunsa na 7 ya fito a 2019, ya yarda marubuci ya ce "I" ko "we" idan yana bayyana matakan da ya ɗauka a bincikensa, kuma Purdue OWL ya bayyana haka a sashensa na salon APA. Duk da haka malamai da yawa a jami'o'inmu sun fi son "the researcher", kuma shawarata ga ɗalibi ita ce ya bi abin da mai duba kundinsa ya ce, tunda gyaran yana yiwuwa ta kowace hanya: "After analysing the data, the researcher found a decline in attendance" ta tsaya daram ba tare da an saɓa wa kowa ba.

Game da gida na farko, wato siffatau da ke nesa da abin da yake siffantawa, darasin da na fi amfana da shi shi ne wanda shafin ya yi a kan participles, wato aikatau mai ɗafa-ƙeyar "ing" ko "ed" da ke aikin siffa, inda ya jaddada cewa a ajiye yankin kusa da sunansa iyakar iyawa kuma a ambaci sunan a fili. Ƙa'idar kusanci ce, mai sauƙin faɗa, amma tana da wuyar shiga kunnen Bahaushe saboda wani dalili da ya kamata a fahimta. A duba jimlar "The trader sold a ram to the woman that had a broken horn." A Turanci ƙahon ya koma kan matar, domin "that" ba shi da jinsi, sunan da ya fi kusa da shi kawai yake kamawa. A Hausa kuwa muna da "wanda" da "wadda" da "waɗanda", muna kuma da "ƙahonsa" da "ƙahonta", don haka ko da an ɗan jinkirta bayanin, jinsi da adadi suna mai da shi ga mai shi, kuma mai sauraro ba ya ɓata. Ɗalibin da ya tashi da wannan gata a harshensa bai saba jin tsoron nisa ba, sai ya shiga Turanci inda jerin kalmomi ne yake ɗauke da nauyin da jinsi ke ɗauka a wurinmu. Gyaran bai wuce a matso da ragon kusa da bayaninsa ba: "The trader sold the woman a ram that had a broken horn." Shafin ya ba da ƙa'idar daidai, amma wannan dalilin sai malamin da ya san harsunan biyu ne zai kawo shi.

Inda na ga darasin siffatau mai reto ya yi gajarta shi ne bai taɓo ƙananan kalmomin taƙaitawa ba, irin su "only", "almost", "nearly", "even" da "just", alhali su ne suke sauya ma'ana da matsi ɗaya. "Only Musa paid the fees" tana nufin Musa kaɗai ne ya biya, "Musa paid only the fees" tana nufin kuɗin makaranta kaɗai ya biya, bai biya na littattafai ba. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne bambancin "He almost failed all the papers" da "He failed almost all the papers". Ta farko tana cewa saura kaɗan ya faɗi duka, wato yana iya yiwuwa bai faɗi ko ɗaya ba, ta biyu tana cewa ya faɗi kusan dukansu. Hausa ta raba ma'anonin da kalmomi daban, "saura kaɗan" a can, "kusan duk" a nan, Turanci kuwa kalma guda yake matsarwa, kuma malamin da zai rubuta wa uba rahoton ɗansa dole ya san wace yake nufi. Haka nan akwai siffatau da ke zama tsakanin abubuwa biyu yana iya manne wa kowanne, kamar "often" a cikin "Students who read often pass", jimla mai harshen damo wadda za a iya fassarawa da "ɗaliban da ke yawan karatu suna cin jarrabawa" ko kuma "ɗaliban da ke karatu sukan ci jarrabawa". Duk waɗannan na kan shirya musu darasi na daban daga wasu madogarai da kuma rubutun ɗaliban kansu. A bisa adalci, Turawa a maganar baki sukan sa "only" kafin aikatau su bar murya ta nuna inda suke nufi, kuma masana nahawunsu sun daɗe suna saɓani a kan tsanantawa a wannan, amma takarda ba ta da murya, don haka a rubutun hukuma na fi son a matso da kalmar jikin abin da take taƙaitawa.

Akwai kuma abin da ya kamata malami ya ƙara domin kada ɗalibi ya wuce gona da iri. Wasu yankunan buɗe jimla sun daɗe da zama karɓaɓɓu ko da ba su da aikau a babbar ganga, kamar "generally speaking", "considering the cost" da "judging from the report". Na taɓa samun ɗalibi mai himma da ya koyi ƙa'idar sosai har ya fara jan layi a ƙarƙashin waɗannan a littafin karatu yana cewa marubucin ya yi kuskure, kuma sai da na zauna da shi na nuna masa cewa harshe yana da maganganun da amfani ya daskarar.

Wani zai ce duk wannan ƙaƙale ne na malaman Turanci, tunda ana gane nufin marubuci. Sau da yawa ana ganewa, amma ba kullum ba, kuma idan aka zo ga doka da yarjejeniya abin yakan kai ga kotu. A 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Facebook da Duguid, wadda ginshiƙinta shi ne wace kalma wani siffatau yake siffantawa. Wata doka ta 1991 da ke kare masu waya daga kiran na'ura ta bayyana na'urar da take nufi da cewa ita ce mai iya "store or produce telephone numbers to be called, using a random or sequential number generator". Tambayar ita ce, yankin ƙarshen nan da ya fara da "using" yana komawa ne ga "produce" kaɗai, ko kuwa ga "store" da "produce" gaba ɗaya. Kotun, a hukuncin da Mai Shari'a Sonia Sotomayor ta rubuta, ta ce yana komawa ga duka biyun, ta kuma kafa hujja har da waƙafin da ya gabace shi, wannan ne ya sa kamfanin ya yi nasara. Na kan ba ɗaliban da ke burin karanta lauya wannan labari, kuma ban taɓa ganin sun sake raina waƙafi ba bayan sun ji shi.

Ga mai shirin jarrabawar kammala sakandare ma akwai riba kai tsaye. A takardar Turanci ta WAEC, sashen fahimtar rubutu yakan ɗauko wani yanki daga cikin nassi ya tambayi sunansa na nahawu da aikinsa, kuma amsar sau da yawa ita ce yana siffanta wani suna ko wani aikatau. Ɗalibanmu sukan haddace kalmomin amsar, su rubuta "it modifies the verb" ba tare da sun ga alaƙar da idonsu ba. Wanda ya saba tambayar kansa wace kalma ce wannan yanki yake manne wa, wannan tambaya ta jarrabawa ta zama masa abin da ya riga ya iya. A sashen insha'i kuma, inda ake son kimanin kalmomi 450, iya sarrafa harshe ne yake ɗaukar kaso mafi girma na maki, kuma jimlar da ma'anarta ta karkace a nan take rage wa ɗalibi.

Dole kuma in faɗi iyakar shafin, domin wanda zai shiga ya san abin da zai tarar. An rubuta shi ne da ɗalibin jami'ar Amurka a zuci, saboda haka Turancin bayanin ya ɗan yi wa yaron sakandare na matsakaicin ƙarfi nauyi, kuma yana ɗauka cewa mai karatu ya riga ya san bambancin yanki da ganga da ma'anar aikau. Yana kuma dogara da kunnen mai karatu, wato yana sa ran da zarar an nuna masa jimlar da ta gurgunce zai ji ta ba daidai ba, alhali wanda Turanci yake harshensa na biyu ko na uku sau da yawa ba ya jin komai sai an warware masa. Akwai sashen da aka keɓe wa masu koyon Turanci a matsayin baƙon harshe, yana da amfani, amma na kowa da kowa ne, ba zai san inda Hausa take jan ɗalibi ba. Rubutun kalmominsa na Amurka ne, mu kuwa na Ingila muke koyarwa, sai dai wannan bai shafi ƙa'idar siffatau ba, domin ɗaya ce a ɓangarorin biyu. Babban abin lura shi ne shafin ba ya duba rubutunka. Zaman gyaran rubutu da ɗakin yake yi na ɗaliban Purdue da ma'aikatanta ne, na waje darussan kawai yake samu, don haka babu wanda zai ce masa ga inda ya kauce a wasiƙarsa. Misalan da ke cikin darasin ma kaɗan ne, sun isa a fahimta amma ba su isa a goge ba.

Saboda haka wanda zai fi cin moriyarsa shi ne malamin Turanci da ke neman tsari mai tsafta da zai gina darasinsa a kai, sai ɗalibin jami'a mai rubuta kundi, sai ma'aikacin ofis da ke rubuta wasiƙu irin masu buɗewa da "Having gone through your application, approval is hereby granted", inda amincewar ce ta zama mai karanta takardar. Yaron sakandare kuwa gara ya shige shi tare da malami. Yadda nake yi shi ne in karanta darasin a gida, in rubuta hanyoyin gyaran nan uku a allo da kalmomina da misalan da na tsamo daga insha'in ajin ba tare da ambaton sunan kowa ba, sannan mu yi gwajin "da" tare da baki, jimla bayan jimla. Malamin da ke son ya buga shafin ya raba wa aji ya fara karanta sharuɗɗan amfani da ke jikinsa, domin kayan suna da haƙƙin mallaka. A mako na biyu nake kawo ƙa'idar kusanci da misalan "wanda" da "wadda", a na uku kalmomin taƙaitawa, daga nan ɗalibai su yi musayar littattafansu kowa ya zagaye duk yankin da ya buɗe jimla kafin waƙafi, ya ja kibiya zuwa sunan da ya biyo baya. Mai kundi kuma ya fara dubawa daga tsakuren bincike da babin hanyoyin bincike da na nazarin bayanai, ya bi duk jimlar da ta fara da "after", "having", "using", "based on" ko "to", domin a waɗannan wurare uku ne na fi tarar da su a duk kundin da ya ratsa hannuna.